Giɓin Ganuwar Gabas

A zamanin da Birnin Dumari ke cin gashin kansa, babu abin da mutanensa ke taƙama da shi kamar ganuwarsu. Abin da ya riƙe ta kuwa ba kaurinta kaɗai ba ne, wata al'ada ce da aka gada tun kaka da kakanni. Duk shekara idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai a buga tambari, kowace unguwa ta fito ta gyara nata yankin. Kuma doka ce sananniya, inda hannun mutum ya taɓa ƙasar ganuwa a wannan shekara, nan ne matsayinsa ranar yaƙi, shi da mutanen gidansa. Ba a aiken kowa, ba a nuna wa kowa wuri. Da an ji tambarin yaƙi, kowa ya san inda ƙafarsa za ta kai shi.

Yankin gabas, daga Ƙofar Kuka zuwa daura da rafi, na Maguzawan Unguwar Tsamiya ne. Su suka riga kowa zama a wurin. Da Musulunci ya shigo, sarki da talakawa suka karɓa, su kuwa suka tsaya a kan na iyayensu. Sarkin wancan lokaci ya ba su amana cewa ba za a taɓa tsamiyar da suke yi wa yanka ba, ba za a tilasta musu salla ba, su kuma su gina gabas su tsare ta. Aka rataya amanar a wuyan Madawaki, shugaban mayaƙa. Shi ya sa duk ranar fara gyara, Madawaki kan je gabas ya zare takobinsa ya ɗora a kan tubalin farko, Sarkin Maguzawa ya dafa. Ma'anar a fili take, kafin ƙarfe ya taɓa su sai ya bi ta kan Madawaki.

Madawaki Barmo ya ɗora takobin nan har gemunsa ya yi furfura. Mutum ne mai salla a kan lokaci, mai ƙarancin magana, ga taurin kai. Fadawa kan yi masa tsiya a bayan ido, wai in ya ce a'a, gara mutum ya je ya lallashi dutse. Bai taɓa ɗanɗana giyar Maguzawa ba, bai taɓa tsayawa inda suke yanka ba. Amma ya san maganarsa ce kaɗai ke tsakaninsu da igiya.

Sai wata shekara ta zo da mugun hali. Damina ta yi gardama, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Mutane ba su gama wannan kukan ba cutar agana ta faɗo birni. Ta kwashe 'ya'yan talakawa, ta shiga gidan sarki ta ɗauke ɗa tilo na Sarki Zubairu. Sarkin matashi ne, bai saba da rashi ba, baƙin ciki ya rufe masa ido. Mai irin wannan baƙin cikin kuwa neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi, kuma Waziri Sammani ya riga ya tanadar masa. Masu ba da labari ba su ce Waziri bai yarda da abin da yake faɗa ba. Sun dai ce fadamar Maguzawa ta bakin rafi, wadda ke ba da rake da albasa ko ana fari, ta daɗe tana tsone masa ido.

Ranar da majalisa ta zauna don sa ranar gyaran ganuwa, Waziri ya gyara zama ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Allah ya ƙara maka haƙuri. Ruwa ba ya tsami banza. Muna masallaci muna roƙon ruwa, wasu na gindin itace suna zuba giya, a cikin ganuwa ɗaya da mu. Ta ina addu'a za ta hau? Ita kanta ganuwar da muke taƙama da ita, da me aka kwaɓa ƙasar gabas? Da giya da jinin baƙin bunsuru. Najasa ce ta kewaye mu, ranka ya daɗe. Shawarata a sare tsamiya, a rushe yankin gabas a sake gina shi da hannun masu alwala. Arnan kuwa, wanda ya yi salla ya zauna, wanda ya ƙi a sa masa igiya a kai shi kasuwa."

Alƙalin birni, Malam Nuhu, tsoho ne mai sanyin murya. Ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi karatu gwargwadon hali, ban ga inda aka halatta cin amana ba, ko da ta wanda ba ya salla ce. Sallar da aka yi don tsoron igiya kuma, ban san wa zai karɓe ta ba. Fari da agana jarrabawa ce. Sun sauka a garuruwan da babu Bamaguje ko ɗaya."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Malam ya tsufa, tausayi ya rinjayi karatu."

Wasu fadawa suka yi dariya, irin dariyar da akan yi don a ga an yi. Barmo ya ji zuciyarsa na tafasa. Ya jira dariyar ta lafa, sannan ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, yaƙi na sani. Rani ya kama, lokacin fitowar maƙiyanmu Kwazarawa ke nan, kuma suna da kunne a kasuwarmu. Wanda ya rushe katangarsa don ya wanke ta, ɓarawo ya yi wa aiki. Amma ko da babu maƙiyi ko ɗaya a duniya, ba zan yarda ba. Kakanka ya ba mutanen nan amana, mahaifinka ya riƙe ta, ni kuma na ɗora takobi."

Sarki Zubairu ya dube shi da jajayen idanu ya ce, "Ɗana na cikin ƙasa, Madawaki, kai kana yi mini zancen tubali. To, kai ka ɗora takobin, kai za ka je ka ɗauke shi. Gobe ka ja dogarai zuwa Unguwar Tsamiya."

"Allah ya ba ka nasara, aike ni bakin mashi in tafi yanzu. Wannan kam ba ni zuwa."

Nan take sarki ya sa aka warware masa rawani, aka karɓe alkyabba, aka naɗa wa sarautar wani ƙanen Waziri wanda bai taɓa jin kibiya ta wuce ta gefen kunnensa ba. Da dogari ya kai hannu ga takobin, Barmo ya dafe shi ya ce na mahaifinsa ne, ba na sarauta ba. Dogarin ya dubi fuskarsa, ya ga babu alamar wasa, ya ja da baya.

Daga fada Barmo bai bi ta gida ba. Ya miƙe Unguwar Tsamiya da hula kawai a kansa, ya sami Sarkin Maguzawa Ranau zaune a gindin tsamiya yana gyaran tsirkiyar baka. Sa'annin juna ne, sun yi yaƙe-yaƙe tare, kowa ya san tabon da ke jikin ɗan'uwansa.

Ranau ya ce, "Madawaki, yau ina rawani? Ko zafi ya sa ka ba wa kai iska?"

"An cire. Ranau, ku kwashe ku fita kafin gobe."

Ya kwashe duk yadda aka yi ya gaya masa. Ranau ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar tsirkiyar ba.

Ya ce, "Mu fita ta ina? Tun ɗazu na ga dogarai sun cika Ƙofar Kuka, na ɗauka baƙo ake jira. Kuma ga tsofaffi, ga masu goyo. In muka gudu ma, sai a ce mun amsa laifin kashe ɗan sarki. Mu ma mun binne namu, Madawaki. Jikokina biyu agana ta ɗauka, ba ta tambaye su wa suke bauta wa ba."

"Ba ni da mayaƙi ko ɗaya yanzu. Ni ba Madawaki ba ne."

"Rawani suka cire. Hannun da ya ɗora takobi ga shi nan a jikinka."

Barmo ya dubi hannun nasa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranar da aka kore su a fagen fama. Ya ce, "Muddin ina numfashi, ba za a kai ko ɗayanku kasuwa ba. Yadda zan yi ban sani ba tukuna."

Washegari da hantsi dogarai suka kewaye unguwar. Gatura suka hau kan tsamiya, tun hantsi har azahar, sannan ta kwanta da ƙarar da aka ji har kasuwa. Aka tara mutane aka ce kowa ya zaɓa. Wasu tsoro ya ci su suka amsa. Barmo na tsaye a gefe ya ga wata tsohuwa tana maimaita kalmar shahada a bayan wani dogari, tana tuntuɓe a kan kowace kalma, idonta na kan jikarta da aka riƙe. Shi da ke faɗin kalmar nan kullum da kwanciyar rai, ranar sai da ya kau da kai. Waɗanda suka ƙi, da Ranau a gabansu, aka ɗaure su aka zuba a wani shingen ƙaya kusa da ganuwa, a jira ranar kasuwa. Bakunansu da kwaruruwan kibau aka jibge kusa da kututturen tsamiya, wai kayan tsafi ne za a ƙone.

Daga nan aka juya kan ganuwa, nan kuma aka sami cikas. Waziri ya cika wa jama'a kunne da cewa ƙasar najasa ce, saboda haka kowa ya naɗe hannu yana tsoron ya ɓata tufafin sallarsa. Dattawan unguwanni kuma, da suka san abin da taɓa ƙasar ganuwa ke jawowa, suka riƙa jan 'ya'yansu baya a hankali. Da Waziri ya ga abin zai zama abin kunya, sai ya naɗe hannun riga, ya karɓi dagi, ya kai wa ganuwa saran farko. Maroƙa suka ɗauki kirari. 'Ya'yansa da barorinsa suka rufa masa baya, suka yi ta rushewa har suka buɗe giɓin da shanu garke guda za su wuce ba tare da sun gogi juna ba. Ƙasar da ta zubo ta gangara ta cike gwalalon da ke bayan ganuwa, ramin da aka haƙa don tare dawakin maƙiyi. Barmo ya ga duk wannan, ya riƙe a ransa.

Rushewa ta yi sauƙi, ginawa ta gagara. Shekarar fari ce, rijiyoyi sun ja baya, ruwan sha ma da ƙyar, balle na kwaɓa ƙasa. Aka ce sai gobe, gobe ta zama jibi. Barmo ya sayar da dokinsa ya riƙa kai wa na cikin shinge hatsi da ruwa da kansa. Ya je wurin Alƙali, ya je wurin hakimai, kowa ya ce masa a yi haƙuri sarki ya huce. Ungulaye suka fara sauka a kan giɓin suna shan rana, tsofaffi na gani suna girgiza kai.

Ana gobe kasuwa, da sassafe, wani manzo ya shigo birni a kan dokin da kumfa ta rufe wa baki. Ya faɗi a ƙofar fada ya ce Kwazarawa sun ƙone ƙauyukan gabas, suna tafe, kuma ba su nufi kowace ƙofa ba, giɓin suka nufa.

Tambarin yaƙi ya tashi. Birni ya motsa yadda ya saba motsawa tun zamanin kakanni. Maƙera suka nufi yamma, marina suka nufi kudu, mahauta da fatake suka hau arewa, kowa ya tsaya inda hannunsa ya yi yaɓe. Sabon Madawaki ya tara mahaya a ƙofar fada yana jiran a gaya masa abin yi. Har dogaran da ke gadin shinge suka watsar da aikin, kowa ya ruga yankin unguwarsu. Ba wanda ya tuna da gabas, domin ba a taɓa aika kowa gabas ba. Masu gabas kuwa suna ɗaure.

Barmo ya iso giɓin a guje, numfashi na neman gagararsa. Ya tarar da wurin wayam. Ya hau tarin ƙasa ya hango ƙyallin masu a hayin rafi. Ya sauko ya ture ƙayar shinge, ya zare takobi ya fara yanke igiyoyi, na Ranau farko.

Ya ce, "Ga giɓi, ga daji. Babu wanda ke da hakkin jininku a birnin nan. Ku tafi."

Ranau ya miƙe yana murza wuyan hannunsa. Ya leƙa waje, ya dubi mata da yara da tsofaffin da yunwa ta rage wa ƙarfi.

Ya ce, "In muka fita fili yanzu, dawakin Kwazarawa za su tsince mu kamar kaji kafin mu kai Dutsen Kufai. Kai ina za ka tsaya?"

"Inda na ɗora takobi."

"Kai kaɗai, da wannan furfurar? Taurin kan nan naka shi zai kashe ka." Ya juya ga mutanensa ya ɗaga murya. "Ku ɗauko bakuna. Ba don sarkinsu za mu tsaya ba, don 'ya'yanmu da ke bayanmu ne, da wannan tsohon. Ku jawo tsamiya."

Maza da mata suka taru a kan itacen da aka sare, suka ɗaure shi da igiyoyin da aka ɗaure su da su, suka ja shi da rassansa har ya gitta a bakin giɓi. Suka ɗebo ƙayar shingen suka cusa a tsakanin rassan. Ranau ya dafa gangar itacen ya ce, ko a kwance ba ta yar da su ba. Waɗanda suka amsa salla don tsoro su ma suka fito daga ɗakuna suka shiga sahu, ba wanda ya tambaye su komai.

Kwazarawa suka ƙetaro rafi da ihu, suna zaton ƙofa a buɗe take. Dawakin farko suka tako kan gwalalon da ya cike, suka tarar da rassa da ƙaya a gabansu, suka turje, na baya suka hau na gaba. Kibau suka sauko musu daga cikin ganye. Suka ja da baya, suka dawo a ƙasa da garkuwa da gatura. Nan aka yi ta ta ƙare. Barmo ya tsaya a inda rassan suka fi ƙaranci, duk wanda ya kutso ya gamu da shi. Mashi ya tsaga masa cinya, ya ɗaure da hularsa ya ci gaba. Mata na miƙo kibau, tsofaffi na jifa da ɓaraguzan ganuwa. Babban ɗan Ranau ya faɗi a gefen ubansa, Ranau ya zare kibau daga kwarinsa ya ci gaba da harbi, hawaye na zuba bai share ba.

Sai bayan azahar mutanen sauran yankuna suka farga suka kawo ɗauki. Da la'asar Kwazarawa suka janye hayin rafi. Ba gudu suka yi ba, sansani suka kafa a fili inda kowa ke gani, suna jiran ragowar rundunarsu.

A lokacin ne Sarki Zubairu ya iso, da Waziri da Alƙali da hakimai a bayansa. Ya ga gawawwaki, ya ga tsamiya a gicciye, ya ga guntayen igiya a wuyan hannun maharba.

Sai ya ce, "Sarkin Maguzawa, na janye hukuncina. Ku koma gidajenku, ku riƙe gabas kamar yadda kuka saba."

Ranau ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, amanar da fari ɗaya ya karya, wani farin zai sake karya ta. Tsamiya ba ta komawa kan kututture. Za mu ɗauki matattunmu mu hau Dutsen Kufai tun da sauran rana."

Sarki ya juya ga Barmo ya ce, "A kawo rawani. Madawaki, ka koma kan sarautarka."

Barmo ya dogara da takobi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai sauran aiki a wuyana. Na ce ƙarfe ba zai taɓa su ba sai ya bi ta kaina. Sai na ga na ƙarshensu ya hau dutse. In na dawo da rai, ka sa ni inda ka so."

"To, wa zai tsare giɓin? Gobe za su dawo."

"Ranka ya daɗe, al'ada ba ta bar wannan a duhu ba. Inda hannun mutum ya taɓa ƙasar ganuwa a bana, nan ne matsayinsa, shi da gidansa. Bana Maguzawa ba su taɓa gabas ba, hannunsu na ɗaure. Wanda ya taɓa ta kuwa, duk birni ya gani, har da kirari."

Idanu suka koma kan Waziri Sammani. Ya buɗe baki zai yi magana, Alƙali Malam Nuhu ya riga shi da muryar nan tasa mai sanyi, ya ce, "Haka al'ada take, ranka ya daɗe. Ni ma ina wurin."

Sarki ya dubi Waziri, ya dubi sansanin da ke hayin rafi. Ya ce, "A kawo wa Waziri garkuwa. A kira 'ya'yansa."

Maguzawa suka fita ta giɓin, da matattunsu a kafaɗa da yaransu a goye, suka bi gindin ganuwa suka nufi arewa. Tsohuwar nan ce ta ƙarshe, tana riƙe da hannun jikarta, da 'ya'yan tsamiya ƙulle a bakin zaninta. Barmo ya bi bayanta yana ɗingishi, takobi tsirara a hannu, ya sa jikinsa tsakaninsu da rafi. Daga hayi gangar Kwazarawa ta fara tashi. A bayansa ya ji muryar Waziri yana tambayar dogarai da wane hannu ake riƙe garkuwa.